Tsohon Garaɓasa

Ranar da za a buɗe garaɓasar ƙarshen shekara, tun kafin a ɗaga ƙofar kanti Manaja ya faɗo ɗakin mahaifinsa da baƙar leda a hannu. Ya zazzage ta a kan gado: wata burmemiyar riga ruwan ƙwai da aka rubuta wa GARAƁASA da jan fenti a ƙirji, hular kwali mai tsini, da ƙararrawar hannu irin ta makarantar firamare.

"Baba, hutu ya ƙare. Yau za ka fito aiki."

Tsohon ya dubi kayan, ya dubi ɗansa. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da damansa gaba ɗaya, hannu da ƙafa, ya haɗa da harshe. Hannun hagu kaɗai ya bar masa. Da shi yake cin abinci, da shi yake tsarki, da shi yake jan bargo, yake korar ƙuda, yake buga bango idan yana son a zo. Ciwon kuma ya yi masa wata tsiyar: ya janye bakinsa gefe guda, haƙora a waje, wanda bai sani ba zai rantse murmushi yake. Idan kuka ya zo masa kuwa, kafaɗunsa ne ke rawa, sai ka ce dariya ce ta ci ƙarfinsa.

Shi Manaja babu wanda ya naɗa shi manaja. Shi ya je ya bugo kati ya rubuta wa kansa, tun uban yana kwance a asibiti. Kantin ɗaki ɗaya ne da sito a baya, gidan yana manne da shi, ƙofa ɗaya ta raba su. Amma in ka ji shi yana waya sai ka ɗauka jiragen ruwa yake sauke wa kaya. Tun da aka buɗe wani katafaren kanti a tsallaken titi ya rasa sukuni, har ya gano cewa yana da abin da su ba su da shi: tsoho mai dariya.

Tsarin mai sauƙi ne. Kwana goma za a yi. Duk wanda ya yi sayayya mai kauri a ba shi tikiti, ya rubuta sunansa, ya jefa a bokitin da ke kan cinyar tsohon, ya ɗauki hoto da shi kyauta. Rana ta goma tsohon ya sa hannu ya zaro tikiti ɗaya, mai shi ya tafi da firji. Aikin tsohon kafin ranar shi ne ya yi ta kaɗa ƙararrawa, masu wucewa su waiwayo.

Manaja ya zura masa rigar, ya ɗora masa hular. Tsohon ya sa hannu ya ture ta. Manaja ya ɗauko ya mayar. Tsohon ya sake ture ta. Ba a kai ga ta uku ba, mari ya sauka a kuncinsa, har kansa ya bugi bango.

Ba zafin ne ya fara zuwar masa ba, mamaki ne. Ya tsura wa hannun da ya mare shi ido. Ya san hannun nan tun yana ɗan mitsitsi, shi ya koya masa riƙe awo da ƙulla leda.

Matar Manaja ta leƙo daga bakin ƙofa, tana goge hannu da tsumma.

"A hankali mana," in ji ta. "Kar fuskar ta kumbura. Hoto za a yi ta ɗauka."

Ƙararrawar ta ƙi zama a hannunsa, sai suɓucewa take. Manaja ya yanko igiyar ɗaure kwali, mai kaifin nan, ya ɗaure ta tamau a wuyan hannun, ya ja hannun riga ya rufe. Ya ɗora shi a keken guragu, ya tura shi zuwa bakin kanti, ya ajiye shi tsakanin balan-balan da firjin da aka naɗe da leda aka ɗaura wa jan ƙyalle.

Abin haushi, dabarar ta ci. Kafin rana ta take, kantin ya cika. Mata suna rungumo kafaɗar tsohon suna ɗaukar hoto, samari suna ɗaga yatsu biyu a bayan hularsa, yara suna jan igiyar balan-balan suna leƙa bakinsa. Wasu daga cikinsu ya san iyayensu, wasu shi ya sayar wa uwayensu madararsu ta jarirai. Kunya ta rufe shi, hawaye ya zubo, kafaɗunsa suka kama rawa.

"Ku dubi yadda yake dariya har da hawaye," in ji wata. "Kai, tsohon nan akwai son mutane."

Rumfar kantin ba ta kai inda aka ajiye shi ba, don Manaja ya ce a inuwa ba a ganin rubutun rigar. Ruwa kuma matar ta hana. Ta ce in ya sha sai fitsari, in ya yi fitsari wa zai bar ciniki ya je ya canza masa? Da safe kurɓi uku, da yamma in an rufe ya sha iya cikinsa.

A kwana na uku igiyar ta ci fata ta shiga nama. Duk kaɗawa ɗaya sai ya ji kamar ana yanka shi, don haka ya ajiye hannun a kan cinya ya daina kaɗawa. Manaja ya fito daga bayan kanta da fara'arsa, ya ce wa masu sayayya, "Bari in kai Baba ya ɗan huta." Ya tura shi sito, ya mayar da ƙofa, ya ƙara wa lasifikar da ke sakin waƙa a kanti murya.

"Me na yi maka, Baba? Faɗa mini, me na yi maka da kake son ka ga bayana?"

Ya kama hannun ya murɗe shi baya. Tsohon ya buɗe baki, abin da ya fito bai fi gurnani ba.

"Maganinka daga sama yake faɗowa? Abincin da kake ci fa? Kowa a gidan nan yana aiki. Ni ina shekara tara ka tsayar da ni a bayan kantar nan, ban ce ka zalunce ni ba. Ƙararrawa ce kawai. Ƙararrawa."

Ya kaɗa hannun da ƙarfi, ƙararrawar ta yi ta kuka a cikin siton, jini ya biyo igiyar. Ya yago tsumma ya cusa a ƙarƙashin hannun rigar, ya gyara masa hula, ya fito da shi yana cewa Baba ya huta.

Akwai mai gyaran takalma da ke zama a gefen rumfar. Shekara ashirin yana wurin, tsohon ne ya ba shi gefen tun yana da ƙarfinsa. Shi kaɗai ne a titin nan ya san bambancin dariyar tsohon da kukansa. A kwana na huɗu ya faki ido ya kawo masa ruwa a murfin gorarsa. Tsohon ya sha, ya sake miƙo baki, ya sha har sau biyar. Bayan awa guda abin da matar Manaja ke gudu ya faru. Fitsari ya bi ƙafar keken ya kwanta a gaban firji, wata yarinya ta nuna wa uwarta.

Wannan karon bel Manaja ya zare. Ya san inda riga ke rufewa, nan ya yi ta zuba masa: baya, cinya, kafaɗa. Tsohon ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa, ƙarfen bel ɗin ya sauka a kan yatsunsa. Matar tana tsaye da bokitin ruwa da tsintsiya, tana cewa, "Da gangan yake yi. Wallahi yana sane. Sai ya ga mutane sun taru."

Da aka fito da shi, mai gyaran takalma ya ajiye allurarsa ya tari Manaja.

"Manaja, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan mahaifinka ne. Ni na ba shi ruwan, in duka ne ni za ka daka."

"Duka? Wa ya ce maka an dake shi?" Manaja ya yi murmushi. "Likita ne ya ce a riƙa fito da shi yana ganin jama'a. Zaman ɗaki ke kashe irinsu. Kai da kake da tausayi, ɗauke shi ka kai gidanka ka yi kwana biyu kana kwashe masa kashi, sannan ka zo mu yi magana. Kuma, malam, inuwar wa kake zaune?"

Mai gyaran takalma ya dubi akwatin kayan aikinsa, ya dubi rumfar. Yana da 'ya'ya shida. Ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai a kan wani takalmi da ya riga ya gama ɗinkewa.

A kwana na shida autar tsohon, wadda ke aure a wani gari, ta kira ta bidiyo. Manaja ya kara masa wayar a fuska.

"Baba, ka yi suna. Har a wurin aikinmu ana nuna hotonka. Yaya, kai dai akwai dabara."

Tsohon ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun ya nuna mata. Manaja ya dafe shi a ƙasa, inda wayar ba ta gani.

"Amma Yaya, kamar ya rame. Kuma ba rana a wurin nan?"

"To ki zo ki ɗauke shi mana. Ɗakinku ba biyu ba ne? Ko mako ɗaya ki karɓe ni."

Sai ta ce ai ta san Yaya yana ƙoƙari, Allah ya saka masa, maigidanta ne ba ya son hayaniya. Ta ce Baba ya ci gaba da dariyarsa, tana yi masa kyau.

Daga ranar hannun ya fara kumbura. Wuyan hannun ya yi ruwa, yana wari, yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Da yamma da aka ajiye masa shinkafa, cokali ya faɗi sau uku kafin ya kai loma ɗaya baki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi. Ya san gidan da yake. Muddin yana iya kai abinci bakinsa, yana iya wanke jikinsa, to shi mutum ne da ake ajiye wa kwano. Ranar da hannun nan ya tafi, sai abin da matar ɗansa ta ga dama, a lokacin da ta ga dama.

Don haka ya kaɗa ƙararrawa. Kwana na bakwai, na takwas, ya kaɗa ta yana cije baki, don kar a sake shiga da shi sito.

Rana ta tara da safe suka shigo masa su biyu. Matar ce ta fara magana, ba da shi ba, da mijinta.

"Ni dai na faɗa maka. Firjin nan nawa ne, daga ɗakina ka fitar da shi ka naɗe. In ya bar gidan nan, ƙafata ƙafarsa."

"Ba inda za shi," in ji Manaja.

Ya zaro tikiti daga aljihu. Sunan ƙanin matar ne a jiki. Ya durƙusa gaban uban, ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Baba, saurara. Gobe wannan zai kasance a tafin hannunka. Ka dunƙule, ka zura cikin bokiti, ka juya, ka fito da shi. Shi ke nan. Kowa haka yake yi, har na tsallaken titi. Ka gane?"

Ya gane sarai. Shekara arba'in ya yi a bayan kantar nan bai taɓa danne sikeli da yatsa ba. Manaja ya sa masa tikitin ya naɗe yatsun. Tsohon ya buɗe, takardar ta faɗi. Aka sake, ya sake buɗewa. Sai Manaja ya haɗa yatsun cikin tafinsa ya matse da hannu biyu, ya ci gaba da matsewa yana kallon idon uban, har ƙaramin yatsan ya yi ƙas.

Tsohon ya sandare a keken. Kafaɗunsa suka kama rawa.

"Ka gani ko?" in ji matar. "Dariya ma yake mana."

Manaja ya sunkuyo daidai kunnensa. "Gobe in ka buɗe hannun nan a gaban mutane, wallahi sai na haɗa shi da ɗan'uwansa. Ka ji na rantse."

Yinin ranar tsohon bai ga kowa ba, ko da yake an ɗauki hoto da shi ya fi sau ɗari. Tunani yake. Da farko ya yanke cewa zai yi abin da aka ce, firji dai ba nasa ba ne, hannu kuwa nasa ne. Amma da ya dubi yatsan da ya karkace ya yi baƙi, sai ya ga ko ya bi ko bai bi ba, hannun tafiya yake, yau yatsa, gobe wani. Gobe kuwa titin nan kaf zai taru, kuma a karon farko cikin kwana goma kowa hannunsa zai kalla. In ya ɗaga shi sama, hannun rigar zai zame. Za su ga igiyar, su ga ruwan, su ga shatar bel. Mutanen nan sun san shi. A cikinsu ba za a rasa wanda zai ce a'a ba.

Rana ta goma, tun da hantsi titi ya toshe. An ƙaro balan-balan, an ɗauko mai ɗaukar bidiyo. Da yake yatsun ba sa iya riƙe komai, Manaja ya manna tikitin a tafin hannun da salatif, ya naɗe yatsun a kai, ya kwance ƙararrawar amma ya bar igiyar don ta riga ta nutse. Ya ɗauki makirfo.

"Jama'a, ga hannu mai albarka. Hannun da ya kafa kantin nan, bai taɓa cutar kowa ba. Baba, bismillah."

Mai gyaran takalma ya miƙe tsaye a gefen rumfa.

Tsohon bai kai hannun bokiti ba. Ya tattara duk abin da ya rage masa na ƙarfi ya ɗaga shi sama, sama da hular kwalin. Hannun rigar ya zame har gwiwar hannu. Ga igiya a cikin nama, ga ruwa yana bin damtse, ga shatar bel baƙi-baƙi, ga yatsa a karkace. Don su gani da kyau, ya buɗe tafin.

Sun gani kuwa. Tikitin suka gani.

"Maguɗi ne," in ji wani daga gaba. "Ku duba, an manna masa tikiti tun bai sa hannu ba."

Manaja ya yar da makirfo ya cafko hannun. Ya nemi ya dunƙule shi, ya ƙi. Sai ya ɗaga shi ya maka a kan ƙarfen keken, sau ɗaya, sau biyu. A na biyun tsohon ya ji ƙashin ya ba da amsa, hannun ya saki ya rataye.

Babu wanda ya lura, don jama'a sun riga sun afko. Aka ture bokitin, tikiti ya watsu. Wani ya shaƙe wuyan Manaja, wani ya fasa masa baki, shi kuwa Manaja yana ihu yana cewa tsohon ne ya ɓoye takardar, ya ruɗe, bai san abin da yake yi ba. Maza huɗu suka kinkimi firjin, matar ta rataye a jikinsa suna ja tana ja. Masu wayo suka shige kanti suna cika leda. Keken ya kife, tsohon ya faɗi a kan hannun, wani takalmi ya bi ta kai.

Wata mata da ta ɗauki hoto da shi har sau uku ta tsaya a kansa, tikitinta bakwai a hannu.

"Tsohon banza. Da kai aka haɗa baki. Ku dube shi, an kama shi yana dariya."

Ta tofa masa yawu. Mai gyaran takalma ne ya kutsa ya ja shi ta hammata zuwa cikin rumfa, ya kwanta a kansa har aka watse.

A asibiti Manaja, da leɓe a kumbure, ya ce turmutsutsu ne ya rutsa da Baba. Likita ya duba wuyan hannun ya ce wannan tsohon ciwon fa? Manaja ya ce agogo ne ya matse shi. Likitan yana da layi a waje, ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ya ce karaya uku ce, ga ruɓa ta shiga jijiya, a shekarun nan kada a sa rai hannun zai sake riƙe wani abu.

Mako guda titin bai da zance sai firji. An yi ta muhawara kan wanda ya kamata ya ci, da wanda ya tafi da shi, da rashin amanar 'yan kasuwar yanzu. Hotunan tsohon suna cikin wayoyi sun fi ɗari biyar, kuma a yawancinsu in ka matso da hoton za ka ga bakin igiyar yana leƙowa daga hannun riga, da tsumma mai jini. Ba wanda ya matso da shi. Auta ta kira ta ce Baba ya ba su kunya. Mai gyaran takalma kuma aka wayi gari an watso masa akwatinsa kan titi.

Yanzu da safe matar takan turo ƙofa da ƙafa ta ajiye kwano a kan kujera, ta ce tana zuwa. Tsohon ya zauna yana kallon abincin yana hucewa, ƙuda suna sauka a kai, suna tashi su sauka a bakinsa. Bango yana nan kusa da kafaɗarsa, ba abin da zai buga shi da shi.

Bayan mako uku, da aka kusa komawa makaranta, Manaja ya shigo da baƙar ledar nan. An wanke rigar, an yi sabuwar hula.

"Baba, mutane mantuwa gare su. Rangwamen komawa makaranta za mu yi, jaka da littafi. Ba tikiti wannan karon, ba abin da za ka riƙe. Har tambayarka ake yi."

Matar ta tsaya a bakin ƙofa. "To da me zai kaɗa?"

Manaja ya juya ƙararrawar a hannunsa, ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu a cikin bandeji. Sai ya yanko igiya mai ɗan tsawo, ya zura ta a marikin, ya rataya wa uban a wuya. Ya ja da baya yana dubawa.

Tsohon ya dubi abin da ke lilo a ƙirjinsa. Kafaɗunsa suka kama rawa, ƙararrawar ta fara kaɗawa da kanta.

"Yauwa," in ji Manaja. "Haka nake so."